Wutar da ke Tura Harsashi Ita ke Cin Bindiga



Maganar da na zo da ita yau a kan bututun bindiga ce, da dalilin da ya sa yake mutuwa. Idan aka tambayi yawancin mutane, har da waɗanda suka daɗe da makami a kafaɗa, me ke cinye cikin bututu, za su ce gogar harsashi ce: ƙarfe na goga ƙarfe, yau da gobe sai ya suɗe. Amsar tana kama hankali, amma ta tsaya a bakin ƙofa. Abin da zan kafa wa hujja shi ne, albarushin da ke tura harsashi shi ne babban mai cin bututu, yana cinsa da zafinsa da kuma sinadaran iskar da yake fitarwa, harsashi kuwa share fage kawai yake yi bayan wuta ta gama ɓarna. Daga nan wata magana ke biyowa wadda ta fi ta farko nauyi ga mai sayen makami da mai harba shi: duk ƙarin gudu ko nisan zango da aka nema daga bindiga, da naman bututu ake biyansa, kuma duk dabarun da aka ƙirƙiro cikin shekara sama da ɗari sun rage farashin ne kawai, cinikin yana nan.

Mu fara da abin da ke faruwa daga lokacin da aka ja kunama. Albarushin zamani ba fashewa yake yi a lokaci guda ba, ci yake yi da sauri, ƙwaya-ƙwaya, yana rikiɗewa zuwa iska mai zafi a cikin wuri matsattse. Zafin wannan iska, gwargwadon irin albarushin, yana tsakanin digiri 2,200 zuwa sama da 3,000 a ma'aunin Salshiyas. Ƙarfen da ake ƙera bututu da shi kuwa yana narkewa ne a wajejen digiri 1,450. Matsin iskar a bindigar soja ta kafaɗa yakan kai kusan ninki 4,000 na matsin iskar da muke shaƙa a wannan ɗaki. To me ya hana bututun narkewa tun harbin farko? Ƙurewar lokaci. Harsashin bindigar kafaɗa yakan bar bututu cikin kimanin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, na igwa kuma cikin kashi goma zuwa ashirin bisa dubu. Zafin ba ya samun sararin ratsa jikin ƙarfen, sai ya tsaya a fatar ciki, wadda kaurinta bai kai milimita ɗaya ba. Ina so ku yi lissafin da kanku: bututun da ya mutu bayan harbi 10,000, idan aka tara dukan lokacin da ya yi yana fuskantar wuta, bai wuce daƙiƙa goma sha wani abu ba. Gogayya kaɗai ba ta cinye ƙarfe mai tauri cikin daƙiƙa goma sha. Injin mota yana goga ƙarfe da ƙarfe sa'o'i dubbai kafin ya nemi gyara. Dole akwai wani abu mai ƙarfi fiye da goga da ke aiki a nan.

Idan aka zura madubin leƙa bututu a cikin bindigar da ta sha harbi, za a ga inda ɓarnar take. A can baya akwai mazaunin harsashi, inda kwanso ke zama, kuma kwanson yana kāre bangon wurin daga wuta. Gaba kaɗan akwai maƙogwaro, inda layukan da aka sassaƙa a murɗe suke farawa, tudu da kwari, waɗanda ke kama harsashi su juya shi don ya tafi a miƙe. A sabon bututu gefen kowane tudu yana da kaifi, yana sheƙi. A tsohon bututu maƙogwaron ya dushe ya yi toka-toka, fuskarsa ta tsattsage da ƙananan tsagogi masu sarƙe da juna, tudun farko sun lallace sun koma sumul, kuma inda layukan ke farawa ya ja gaba da 'yan milimitoci. Amma idan aka matsa da madubin zuwa tsakiyar bututu, sai a tarar da layukan lafiya lau, kamar ba su taɓa ganin harbi ba. Ku riƙe wannan, domin zan dawo kansa.

Waɗannan tsagogi aikin zafi ne da sanyi suna karɓa-karɓa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya ga maƙeri ya gasa bakin gatari har ya yi ja, ya tsoma shi a ruwa don ya yi tauri, ya kuma san cewa ƙarfen da aka yi wa haka fiye da kima yakan yi gautsi ya tsage. Abin da ke faruwa a fatar bututu ke nan a kowane harbi. Da zarar ƙarfe ya haura digiri 727, tsarin ƙwayoyinsa na ciki yana sauyawa. Fatar maƙogwaro tana haura wannan iyaka nesa ba kusa ba, takan kai digiri 1,000 ko fiye, sannan nan take jikin bututun da ke bayanta, wanda yake da sanyi, ya zuƙe zafin, ya yi mata abin da ruwa ke yi wa gatari. Fatar tana son ta kumbura lokacin zafi, jikin da ke riƙe da ita ya hana ta; tana son ta tsuke lokacin sanyi, ya sake hana ta. A yi haka sau ɗari, sau dubu, sai ta tsage. Tsagar kuma ƙofa ce, domin a harbi na gaba iska mai zafi za ta shiga cikinta ta kai wuta inda da ba ta isa ba.

Sai kuma aikin sinadarai, wanda ido ba ya gani amma ya fi ban tsoro. Iskar albarushi gauraye ce ta abubuwa biyar: kabon monoksayid, kabon dayoksayid, haidirojin, tururin ruwa da naitirojin. A irin wannan zafi da matsi, ƙarfe yana shan waɗannan iskoki. Kabon yana shiga fatar ƙarfen ya haɗu da shi, kuma ƙarfen da ya ƙoshi da kabon yana narkewa ne tun a digiri 1,148, wato ƙasa da na asali da kusan digiri 300. Oksijin shi ma yana haɗuwa da ƙarfen ya bar ɓawon da bai da ƙarfin riƙo. Haidirojin, da yake ƙwayarsa ita ce mafi ƙanƙanta, yana kutsawa cikin tsagogi ya sa ƙarfen ya yi gautsi. Masu binciken ƙarfe idan suka yanka tsohon bututu suka duba a madubin ƙara girma, suna ganin wani siririn farin layi a saman fatar, mai tauri da saurin karyewa, wanda sinadaransa sun bambanta da na ƙarfen da aka ƙera bututun da shi. Ma'ana, albarushi ba ya bukatar ya narkar da ƙarfen bututu. Yana fara mayar da shi wani abu dabam mai sauƙin narkewa da ɓarewa, sannan guguwar iskar da ke bin bayan harsashi da gudun ɗaruruwan mitoci a daƙiƙa ta kwashe shi ta fitar ta baki. Abin da ke tafiya a harbi ɗaya bai kai kaurin gashi ba, amma ba ya dawowa.

Tarihi ya gwada wannan magana a fili, kuma Ingila ce ta biya kuɗin gwajin. Tsohon baƙin albarushi, wanda aka yi ɗaruruwan shekaru ana amfani da shi, fiye da rabinsa yana zama toka da hayaƙi, yana cushe bututu da dauɗa, amma matsinsa kaɗan ne. A 1884 Paul Vieille a Faransa ya samar da albarushi marar hayaƙi daga audugar da aka jiƙa da asid, wato naitiroseluloz, kuma bindigar Lebel ta 1886 ce ta fara amfani da shi. Alfred Nobel ya biyo da nasa a 1887, ya haɗa da naitirogilisarin. A 1889 Frederick Abel da James Dewar suka samar wa Ingila kodayit, wanda kashi 58 cikin 100 nasa naitirogilisarin ne, abin da ya sa ya fi na Faransa ƙarfi, ya kuma fi shi zafi. A lokacin bindigar sojan Ingila ita ce Lee-Metford ta 1888, wadda aka yi wa layuka marasa zurfi masu gefe a lanƙwashe don kada tokar baƙin albarushi ta maƙale. Bindiga ɗaya ce, harsashi mai faɗi ɗaya, abin da aka sauya kawai shi ne abin da ke cikin kwanso. Da aka koma kodayit, sai bututu ya riƙa mutuwa kafin harbi 6,000. Dole a 1895 aka sake fasalin layukan, aka yi su biyar masu zurfi, aka sami Lee-Enfield. Wannan ya jinkirta mutuwar ne kawai, domin ƙarin nama aka ba wuta ta ci. Da yaƙin Bowa a Afirka ta Kudu ya nuna yadda manyan bindigogi ke lalacewa, sai aka koma kan tushen matsalar: a 1901 aka fito da gyararren kodayit, aka sauke naitirogilisarin zuwa kashi 30, aka ɗaga audugar zuwa kashi 65. Bututu ya ƙara kwana, amma sai da aka ƙara yawan albarushin da ake cikawa kafin a sami gudun da ake samu a da.

Wanda yake son ganin ƙarshen wannan ciniki ya dubi igwar da Jamus ta harba wa birnin Faris daga watan Maris na 1918, daga nisan kilomita 120. Kamfanin Krupp ne ya ƙera ta, tsawon bututunta mita 34, harsashinta na fita da gudun da ya haura mita 1,600 a daƙiƙa. Don samun wannan gudu, albarushin da ake cika mata ya fi harsashin kansa nauyi. Zaizayar ta kai matsayin da kowane harbi yana faɗaɗa bututun yadda za a iya aunawa, har aka riƙa ƙera harsasan da lamba, kowanne ya ɗara na gabansa kauri, kuma dole a harba su bi da bi. Bayan harbi kimanin 65 sai a cire bututun a mayar masana'anta, a sake huda shi daga faɗin santimita 21 zuwa kusan 24. Manyan igwogin jiragen yaƙin Amurka samfurin Iowa, masu jefa harsashi mai nauyin kilo 1,225 da albarushi kusan kilo 300, an ƙiyasta rayuwar bututunsu a kan cikakken harbi 290 kacal. Ƙaramar bindigar farautar zomo mai harsashin .22 kuwa, wadda albarushinta bai cika tsinken yatsa biyu ba, tana harbi dubun dubata bututunta bai nuna gajiya ba.

Yanzu bari in saurari mai ja. Zai ce: ai harsashi mai gudu ya fi gogar bututu, don haka duk misalan nan ba su wanke gogayya ba, tunda inda albarushi ya yi yawa nan gudu ya yi yawa. Tambaya ce mai kyau, kuma akwai amsoshi da ke raba gardama. Ta farko ita ce abin da madubi ya nuna mana. Da goga ce babbar mai laifi, da ɓarna ta fi yawa kusa da baki, inda harsashi ya kai ƙarshen gudunsa. Amma ɓarnar tana maƙogwaro ne, inda harsashi bai ma tashi da gudu ba, inda kuma iska ta fi zafi, ta fi matsi, ta fi daɗewa. Ta biyu, Vieille da kansa ya ƙona albarushi a cikin rufaffen tulun ƙarfe mai ƙaramar huda guda, babu harsashi ko kaɗan, kuma iskar da ta fita ta hudar ta cinye gefenta ta faɗaɗa ta. Har yau ɗakunan bincike na amfani da irin wannan gwaji don auna cin albarushi. Ta uku, a 1983 kamfanin Ruger ya fito da bindigar hannu mai juyi don harsashin .357 Maximum, sai aka ga iskar da ke tsartuwa ta ratar da ke tsakanin gangar harsasai da bututu tana yanka ƙarfen saman bindigar, wurin da harsashi bai taɓa taɓawa ba, kuma ba a daɗe ba aka daina ƙera ta. Ta huɗu, harsashin .243 Winchester an yi shi ne daga kwanson .308 da aka tsuke wa wuya. Albarushi kusan ɗaya ne, amma ana tura wutarsa ta ƙofa mafi ƙunci, kuma duk maharbin gasa ya san .243 na cinye maƙogwaro tun .308 na da sauran rabin rai.

Ban ce harsashi ba shi da hannu ba. Lokacin da zoben tagullar da ke jikin harsashin igwa ya daki farkon layuka, ana tilasta masa shiga da ƙarfi mai yawa, kuma shi ke kankare fatar da wuta ta riga ta raunana. Harsashi mai rigar ƙarfe ya fi mai rigar tagulla ci. Yashi idan ya shiga bututu yana karce shi, sandar goge bindiga a hannun wanda bai iya ba tana lalata baki, kuma dogayen igwogi suna samun wata zaizaya ta daban kusa da baki wadda goga ce ke jawo ta. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai sojojin igwa da kansu sun yanke hukunci a cikin yadda suke lissafi. Ba sa ƙirga rayuwar bututu da yawan harsasan da suka wuce ta cikinsa, suna ƙirga ta da kwatankwacin cikakken ciki, wato cikakken ma'aunin albarushin da ake cika wa igwa. Harsashi ɗaya, bututu ɗaya, idan an harba shi da ƙaramin ciki ana rubuta masa ɗan ɓangare na harbi guda, idan an harba shi da ciki mafi girma ana rubuta masa guda cur ko fiye.

Magungunan da suka yi aiki su ma shaida ne, domin likitan da ya warkar da cuta ya nuna ya gane ta. A yaƙin duniya na biyu Ingila da Jamus duka sun koma ga albarushin da aka zuba wa naitiroguwanidin, sinadarin da ke fitar da naitirojin mai yawa, yana sauke zafin wuta da ɗaruruwan digiri ba tare da rage yawan iskar da ke tura harsashi ba. Albarushin igwa na Amurka mai lamba M30 kusan rabinsa wannan sinadari ne. Bayan yaƙin, masu bincike a Kanada suka gano cewa idan aka naɗe albarushi da soson roba, robar na ƙonewa ta shimfiɗa iska mai ɗan sanyi a jikin bango. A Suwidin kuma aka haɗa kaki na masana'anta da farin garin titaniyom dayoksayid, wanda ake sa wa fenti, aka shafa a ƙyalle aka sa cikin kwanso. Kakin yana ba da iska mai sanyi, garin yana liƙewa a bango ya zama garkuwa tsakanin wuta da ƙarfe. A igwar tankar yaƙi mai faɗin milimita 105 wannan ƙyalle ya ninka rayuwar bututu sau da yawa, haka ma a manyan igwogin Iowa da aka sa musu shi daga baya. Ku lura, ba a taɓa harsashi ba, ba a sauya ƙarfe ba, gudu bai ragu ba. An rage zafin da ke isa bango ne kawai, kuma dalilin da ya sa ragi kaɗan ke haifar da riba mai yawa shi ne, saurin haɗuwar sinadarai da ƙarfe ba ya hawa daki-daki da zafi, ninkawa yake yi.

Ja na biyu ya fi na farko kaifi, kuma daga masana yake fitowa. Suna cewa: idan zafin wuta ne ma'auni, me ya sa wasu sababbin albarusai da aka gina kan sinadarin RDX, waɗanda aka yi don kada su kama da wuta idan an harbi tanka, suke cin bututu fiye da tsofaffin da ke da zafi daidai da nasu? Wannan ya faru, kuma ya ba mutane mamaki. Amma idan aka duba da kyau, ya gyara hujjata ne, bai rushe ta ba. Waɗannan albarusai suna fitar da haidirojin da kabon monoksayid masu yawa. Haidirojin ya fi sauran iskoki iya ɗaukar zafi ya miƙa wa bango, don haka ko da wutar ba ta fi zafi ba, bangon ya fi shan zafi. Kabon monoksayid kuma shi ne mai ciyar da ƙarfe kabon ɗin da ke sauke ma'aunin narkewarsa. Bryan Lawton na tsohuwar kwalejin kimiyyar soja ta Shrivenham a Ingila ya tattara bayanan zaizaya na bindigogi da albarusai masu yawa, ya nuna cewa abubuwa biyu ne ke hukunci tare: zafin da fatar bututu ta kai, da kuma irin iskar da ta taɓa ta, inda haidirojin da kabon monoksayid ke ƙara ci, naitirojin kuma ke sassautawa. Don haka wanda ya ce zafin wuta kaɗai ne ya gajarta magana. Amma laifin bai bar kan albarushi ba, ƙara tabbata ma ya yi.

Ja na uku shi ne na masu fata: a samo ƙarfe mafi kyau mana, a huta. An gwada, kuma an sami riba. Shafen kuromiyom a cikin bututu, wanda ba ya narkewa sai wajejen digiri 1,900, ya zama ruwan dare a bindigogin soja da igwogin tanka. Tun yaƙin duniya na biyu Amurka ta riƙa sa wa maƙogwaron manyan bindigogi masu sarrafa kansu wani zobe na gaurayen kobal mai suna Stellite, wanda ba ya laushi idan ya yi zafi. A Watervliet ta jihar New York, inda ake ƙera bututun igwogin Amurka, an daɗe ana binciken tantalom, mai jure kusan digiri 3,000. Amma kuromiyom yana zuwa da ƙananan tsagogi tun daga wurin shafa shi, iska na bi ta cikinsu ta ci ƙarfen da ke ƙasa, sai shafen ya ɓare falle-falle, kuma inda ya ɓare ramin da ke biyo baya yakan yi zurfi. Bayan haka akwai halin mai sayen makami, wanda da zarar an ba shi bututu mai jure zafi sai ya nemi albarushi mafi zafi don ya huda sulke mafi kauri. Igwar tanka ta yau mai faɗin milimita 120 tana jefa harsashi da gudun kusan mita 1,700 a daƙiƙa, wato ta kamo igwar Faris. Ribar da masu ƙarfe suka samo, masu albarushi sun kashe ta a kan gudu.

Akwai kuma wanda zai ce shi a saninsa tsatsa ce ke kashe bindiga. Ya yi gaskiya a kan bindigogi da yawa, amma cuta biyu ce dabam, kuma haɗa su na jawo asara. 'Yan bindigar da ke ɗura bindigar toka a hawan Sallah sun san dole a wanke bututu bayan an tashi, domin tokar baƙin albarushi tana jan laima ta haifar da tsatsa. Haka tsofaffin harsasan soja, waɗanda ƙyastun gindin kwansonsu ke barin wani gishiri a bututu, gishirin da mai ba ya narkar da shi sai ruwa. Wannan ɓarna tana faruwa ne bayan harbi, a cikin ma'aji, kuma tsafta na maganinta ɗungurungum. Zaizaya kuwa tana faruwa ne a cikin harbin kansa, kuma ko an wanke bindiga sau goma a rana ba za a mayar da ƙwaya ɗaya ta ƙarfen da ya fita ba. Abin da ke hannun mai harbi shi ne tazara. Harbi a kan bututun da bai huce ba yana farawa ne daga zafin da na baya ya bari, don haka harsashi ɗari a jere sun fi ɗari a rarrabe ci nesa ba kusa ba. Shi ya sa Jamusawa suka ƙera MG42, mai harbi kusan 1,200 a minti, yadda za a zare bututunta a sa wani cikin 'yan daƙiƙu.

Wani zai ce, to in ya zaizaye sai me, ai yana harbi. A nan ne maganar ta bar ɗakin bincike ta shafi rai. Idan maƙogwaro ya ja gaba, harsashin igwa yana zama gaba da inda ya kamata, wurin da albarushi ke ci ya ƙaru, matsi ya ragu, gudu ya ragu, harsashi ya faɗi kafin inda aka auna. A fagen daga, abin da ke tsakanin igwa da maƙiyi sau da yawa sojojinka ne, ko ƙauyen da ba ruwansa. Idan zaizayar ta yi nisa, zoben tagulla na iya suɓucewa bai kama layuka ba, harsashi ya fita yana tangaɗi. Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan ɓoyuwa: tsagogin nan na maƙogwaro suna iya nitsawa cikin jikin ƙarfe a hankali saboda kumburi da tsukewar kowane harbi, har wata rana bututu ya tarwatse a kan masu harba shi. Magungunan rage zaizaya sun sa wasu bututun suna kaiwa wannan iyaka alhali cikinsu na nan da kyan gani, don haka ido kaɗai bai isa shaida ba. Yaƙin Yukiren ya tuna wa duniya duk wannan. A ƙarshen 2022 jaridar New York Times ta ruwaito cewa kusan kashi ɗaya bisa uku na igwogi kimanin 350 da ƙasashen Yamma suka bayar ba sa aiki a kowane lokaci, saboda lalacewa da yawan harbi, kuma sai an kai su Folan ake sauya musu bututu.

Saboda haka ina kira ga masu tsara sayen makamai da su daina ɗaukar bututu a matsayin abin da ake saye sau ɗaya. Duk yarjejeniyar da ta kawo igwa da harsasai ba ta kawo bututun canji da ma'aunin zaizaya da madubin leƙawa ba, ba ta cika ba. Hafsoshin da ke kula da igwa, kowane bututu ya kasance da littafinsa, a rubuta kowane harbi da girman cikinsa a ranar da aka yi shi, kuma kada a harba da babban ciki inda ƙarami zai kai. Ɗalibanmu na kimiyyar sinadarai da na ƙarfe kuma, wannan fage yana bukatarku, domin ƙasar da ba ta da masu iya yanka tsohon bututu su karanta abin da ke fatarsa za ta ci gaba da dogara ga maganar wanda ya sayar mata da shi.